Teɓa da telomiya: shin tumbi yana gaggauta tsufa?

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, mutum ya ajiye tumbi sai ka ji ana cewa Alhaji ya samu, hutu ya zauna masa. Mace ta yi jiki bayan aure, danginta su ce an iya riƙonta. Wanda ya rame shi ake bi da tambaya, ko lafiya? Wannan kallo yana da dalilinsa, domin a inda yunwa da ciwo suka saba zabge mutane, ƙiba alama ce ta cewa an tsallake. Sai dai tun wajen 2005 masu binciken lafiya suke tara hujjar cewa kitsen da ya wuce kima yana taɓa wani abu can cikin ƙwayoyin jiki da ake kira telomiya, wanda yake da alaƙa da tsufa. Maganar gaskiya ce, amma an zuba mata gishiri da yawa a intanet, kuma alƙaluman da ake yawo da su ba a kan irin mutanenmu aka tara su ba.

Kowace ƙwayar jikin ɗan Adam mai cibiya tana ɗauke da kuromozom 46, rabi daga uwa, rabi daga uba. Kowannensu dogon zare ne na DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado cikin jerin haruffa, kuma yana da baki biyu, ke nan bakuna 92. A kowane baki akwai telomiya, wato haruffa shida, TTAGGG, da aka yi ta maimaitawa sau ɗaruruwa har zuwa dubbai. Ba ta ɗauke da umarnin gina komai a jiki. Aikinta irin na ƙullin da ake yi a bakin igiyar kaba ne, don kada ta warware. Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu sai ta kwafi zarenta, amma injin kwafin ba ya iya kaiwa ƙarshen baki, don haka kowane rabuwa yana cin haruffa kamar 50 zuwa 200. Idan telomiya ta gajarce ta kai wani matsayi, ƙwayar ta daina rabuwa: ko ta mutu, ko ta zauna tana fitar da sinadaran da ke damun maƙwabtanta. Tun 1961 Leonard Hayflick ya nuna cewa ƙwayoyin ɗan Adam da aka raina a ɗakin gwaji suna rabuwa kusan sau 50 ne su tsaya. Daga baya Elizabeth Blackburn da Carol Greider da Jack Szostak suka bayyana yadda telomiya ke kare kuromozom da kuma sinadarin da ke ƙara mata tsawo, aka ba su kyautar Nobel a 2009.

Jariri yana zuwa duniya da telomiya mai haruffa kusan 10,000 a fararen ƙwayoyin jininsa. Shekarun farko na ƙuruciya ana asara da sauri, sannan abin ya lafa, baligi ya riƙa rasa kamar 20 zuwa 40 a shekara. A riƙe wannan adadin, domin da shi ake auna duk wata maganar "ƙiba ta ƙara maka shekara kaza".

Ta ina kitse yake shiga? Kitse ba ajiya ba ce kawai da ke kwance tana jiran ranar yunwa. Wanda ya taru a cikin ciki, ya lulluɓe hanji da hanta, yana fitar da sinadaran kumburi irin su IL-6 da TNF, su kuma su sa hanta ta ƙara fitar da wani furotin da ake kira CRP. Wannan kumburi ne na ɓoye, ba zafi, ba zazzaɓi, amma ba ya yankewa. Yana sa ɓargo ya riƙa sabunta fararen ƙwayoyin jini fiye da ƙa'ida, kuma kowace sabuntawa rabuwa ce, kowane rabuwa kuma asarar haruffa ne. Hanya ta biyu ita ce ta gurɓatattun sinadaran iskar oksijin da jiki ke fitarwa yayin ƙona abinci, waɗanda ke ƙaruwa idan suga da maiƙo suka yi yawa a jini. Harafin G shi ne ya fi saurin lalacewa a hannunsu, ita kuwa telomiya rabin haruffanta shida na TTAGGG G ne, sannan gyaran ɓarna a wurin ba ya tafiya da kyau kamar a sauran zaren. Wani bincike a Denmak a 2014, a kan mutum 45,069, ya nuna cewa wani ɓangare na alaƙar nauyi da gajartar telomiya ta hanyar CRP ɗin nan yake bi.

Alƙaluman da yadda za a karanta su

Binciken da ya fi yin suna shi ne na 2005 a mujallar Lancet, a kan mata Turawa 1,122 a Birtaniya masu shekara 18 zuwa 76. An samu telomiyar masu teɓa ta gaza ta sirara da haruffa 240. Da aka raba wannan da haruffa 27 da matan ke rasawa a shekara, sai ya ba da shekara kusan 8.9. Daga nan kanun labarai suka samo cewa teɓa tana ƙara wa mutum tsufan kusan shekara tara, kuma har yau shi ake ta maimaitawa.

A 2018 aka haɗa bincike 87 wuri ɗaya, mutum 146,114, sai hoton ya sauya. Kowace ɗigo ɗaya da ta ƙaru a ma'aunin nauyi da tsawo, wanda ake kira BMI, tana tafiya da gajartar haruffa kusan 4. A tsakanin masu shekara 18 zuwa 60 abin ya fi ƙarfi, kusan haruffa 8. Mu yi lissafi: mutum biyu 'yan shekara 40, ɗaya BMI ɗinsa 22, ɗaya 32. Bambancin ɗigo 10 ne, wato haruffa kusan 80, kwatankwacin asarar shekara uku. Ba abin rainawa ba ne, amma ya yi nisa da tara. Kuma mutum biyu sa'annin juna, masu nauyi ɗaya, telomiyarsu tana iya bambanta da haruffa sama da 1,000, saboda kusan kashi biyu cikin uku na bambancin tsawonta gado ne. Don haka akwai mai teɓa da telomiyarsa ta fi ta siririn maƙwabcinsa tsawo nesa ba kusa ba. Alaƙar tana fitowa ne idan an jera dubban mutane, ba ta karantuwa a jikin mutum ɗaya.

A wajen tsofaffi kuwa alaƙar takan dusashe, kuma wannan ba ya nufin teɓa ta daina cutarwa bayan shekara 60. Waɗanda ta fi yi wa illa da yawansu hawan jini ko ciwon suga ko shanyewar ɓarin jiki ya riga ya ɗauke su, ba sa cikin waɗanda aka auna. Sannan tsoho yakan rame saboda ciwo, sai ya shiga sahun sirara da telomiyarsa gajeriya, ya rikita lissafin.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu. A wancan babban haɗin na 2018, alaƙar ta fi bayyana ne a cikin Turawa, kuma su ne mafi yawan waɗanda aka auna. Baƙar fata kuwa daga tushe ma'auninsu daban ne. Bincike a Amurka tun 2008 ya nuna telomiyar baƙaƙen fatar can ta fi ta Turawa tsawo, duk da cewa teɓa da hawan jini sun fi yawa a cikinsu. Daga baya aka ga ta mutanen Afirka kudu da Sahara ta fi duka biyun. Mata sun fi maza, kuma 'ya'yan da uba ya haifa da girma sukan zo da telomiya mai ɗan tsawo fiye da waɗanda ya haifa yana saurayi, abin da ya kamata mai bincike ya lura da shi a inda dattijo ɗan shekara 60 yake da ɗan goye.

Sai kuma zazzaɓin cizon sauro. A 2024 masu bincike daga Jami'ar Pennsylvania suka auna manya 1,818 daga Tanzaniya da Botswana da Habasha da Kamaru, suka samu cewa mazauna yankunan da zazzaɓin ya yi katutu telomiyarsu ta fi gajarta a kan ta mazauna inda yake da sauƙi. Dalilin bai yi nisa da na kitse ba: kumburi, da tilasta wa ɓargo yin aiki ba hutu. To ɗauki manomin shinkafa a Kura ko masunci a fadamar Haɗeja, wanda sauro ke cizo tun yana zanin goyo, ga hayaƙin itace, ga ciwon hanta da ke yawo a cikin jama'a. Siriri ne, amma jikinsa ya sha kumburi iri-iri. Idan aka kwatanta shi da ɗan kasuwa mai tumbi da ke kwana cikin gidan sauro yana samun magani a kan kari, sakamakon yana iya fitowa a juye, wanda bai san dawan garin ba ya ce ai ƙiba ce ke kare telomiya. A ganina duk wani bincike da za a yi a karkararmu a kan wannan batu, idan bai tambayi tarihin zazzaɓi da yanayin samu da irin makamashin girki ba, ɓata jini da kuɗi ne.

Gwajin kansa ma yana da nasa tarko. Hanya mai arha da aka fi amfani da ita, wadda Richard Cawthon ya fito da ita a 2002, ba ta ba da tsawo kai tsaye, tana kwatanta yawan telomiya ne da wata ƙwayar gado guda. Yadda aka ajiye jinin da yadda aka ciro DNA suna sauya sakamako, ɗakunan gwaji biyu su ba da amsa biyu a kan jini ɗaya. Jinin da aka ɗiba a ƙauye cikin zafin bazara ya wuni a mota babu ƙanƙara, ko aka ɗiba mutum yana tsakiyar zazzaɓi lokacin da nau'o'in fararen ƙwayoyinsa suka sauya yawa, ba abin dogaro ba ne. Kuma tsawon telomiya ba alheri ne zalla ba. Binciken gado ya nuna masu doguwar telomiya sun fi samun sauƙin ciwon jijiyoyin zuciya, amma sun fi fuskantar wasu nau'o'in ciwon daji, domin gajartar nan ita ce birkin da ke hana ɓatacciyar ƙwaya yin ta rabuwa ba iyaka. Wannan kaɗai ya isa mutum ya yi hattara da masu tallan "maganin ƙara tsawon telomiya" a Facebook da TikTok.

Abin da ake iya aunawa a gida

Tunda gwajin telomiya ba ya gaya wa mutum ɗaya komai mai amfani, abin aunawa shi ne kitsen kansa. BMI ana samunsa ne ta raba nauyi a kilo da tsawo a mita sau kansa. Namiji mai tsawon mita 1.70 da kilo 88: 1.70 sau 1.70 ya ba da 2.89, a raba 88 da shi a samu 30.4. Daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, 25 zuwa 29.9 nauyi ya haura, 30 zuwa sama teɓa ce. Matsalar BMI ita ce bai san kitse ba, bai san tsoka ba. Ɗan dako a Dawanau mai ɗaukar buhun kilo 100 yana iya haura 25 alhali ba shi da kitsen kirki, wani kuma mai tsawon 1.70 da kilo 68, BMI ɗinsa 23.5, ƙafafu sirara, amma ga ƙaramin tumbi a gaba. Na biyun ne ke cikin haɗari, sikeli kuwa ya ce lafiya lau.

Awon ƙugu ya fi faɗin gaskiya, kuma tef ɗin tela ya wadatar. A tsaya a miƙe, ƙafafu kusa da juna, a ɗage riga. A laluba ƙarshen haƙarƙari na ƙasa a gefe, a laluba saman ƙashin ƙugu, a sa tef a tsakiyarsu, wanda ga yawancin mutane ya ɗan ɗara cibiya. A fitar da numfashi yadda aka saba, sannan a karanta. Kurakuran da aka fi yi su ne aunawa a inda wando ko zani ke zama, ƙarƙashin tumbin, wanda ke ɓoye santimita da yawa; sai shanye ciki; sai matse tef har ya nutse a fata; sai barin tef ya karkace ta baya; sai aunawa bayan an ƙoshi da tuwo. Da safe kafin karin kumallo ya fi. Ga namiji, santimita 94 gargaɗi ne, 102 haɗari ne babba. Ga mace 80 da 88. Waɗannan iyakokin ma a kan Turawa aka fara tsara su, shi ya sa na fi son ƙa'idar da ba ruwanta da jinsi ko ƙabila: kada ƙugu ya kai rabin tsawo. Wanda ba shi da tef ya yanki igiya daidai tsawonsa daga ƙasa zuwa tsakar ka, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita. Idan bakunan ba su haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. Mai juna biyu da mai jego ba a yi musu wannan awon.

Ba kowane babban ciki ne kitse ba. Ciki ya kumbura, hannu da ƙafa sun tsotse, ko ido ya yi rawaya, wannan ruwa ne ke taruwa, galibi daga ciwon hanta. Ƙafa ta kumbura, ka danna da babban yatsa a kan ƙashin ƙwauri na 'yan daƙiƙu gurbin ya zauna, wannan ma ruwa ne, a duba zuciya da ƙoda. Haka nan wanda yake ramewa ba tare da ya rage ci ba, ga ƙishirwa da yawan fitsari, ko tari ya haura mako biyu, ba murna zai yi ba, asibiti zai nufa a duba suga da tarin fuka. Duk wanda igiya ta ƙi haɗuwa a cikinsa ya je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a auna jininsa da sugansa. Hawan jini yana farawa daga 140 bisa 90, ciwon suga kuma daga 7.0 a awon da aka yi kafin a ci komai, ko 126 idan na'urar da ɗaya ma'aunin take ƙirga. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci, sai an maimaita a wata rana.

Wani zai ce ina ruwan karkara da teɓa, mu da muke fama da tamowa? Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya haura, a lokaci guda kuma kusan yara biyu cikin uku 'yan ƙasa da shekara biyar a Jigawa sun tsumbure. Matsalolin biyu ba kishiyoyi ba ne, uwa da ɗa ne. Yaron da aka haifa ƙarami ko ya tsumbure, jikinsa ya koyi tattali, idan ya girma ya samu wadata kitsen a ciki yake fara taruwa, kuma suga yakan kama shi a nauyin da bai kai na wasu ba. Ga shi rayuwa ta sauya: babur ya maye gurbin tafiyar ƙasa zuwa kasuwa, inji ya karɓe daka da niƙa, shinkafa da taliya suna ture gero da dawa. Matar da ke cikin gida, wadda dā surfe da daka ke motsa mata jini, ita ta fi shiga wannan hali, ga haihuwa kusa-kusa da ke barin nauyi bayan kowane jego.

Gyaran ba ya buƙatar abincin kanti. Mai shi ne na farko: cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori kusan 120 ne, kwatankwacin tafiyar kusan rabin awa da sauri, kuma a shinkafa da mai da yaji ko garau-garau ko ɗanwake ba wanda ke tsayawa a cokali ɗaya. A riƙa aunawa da cokali maimakon tuttulawa daga kwalba. Na biyu sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce giram 50 a rana, kusan cokalin shayi 12, kuma rabin haka ya fi. Kwalbar lemo mai 50cl ita kaɗai tana iya cinye wannan kason, kafin a zo kan shayin safe mai cokali huɗu da madarar gwangwani, da zoɓo, da fura da aka zuba wa sukari. Wani bincike a Amurka a 2014 a kan manya 5,309 ya samu masu shan lemon kwalba kullum da gajeriyar telomiya, ko da an cire tasirin nauyinsu. Sai tuwo: a rage malmala, a ƙara miya mai ganye, kuka ko kuɓewa ko zogale ko rama, a ƙara wake, kada a surfe hatsi har a raba shi da dusarsa kakaf. Tafiya da sauri minti 30, kwana biyar a mako, ta cika minti 150 da ake so. Manomi da damina ya wuce haka nesa. Matsalarsa rani ne, lokacin da aiki ya tsaya amma kwano bai ragu ba.

Buri mai ma'ana shi ne rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi a wata shida, wato kilo 4 da rabi zuwa 9 ga mai kilo 88, kamar rabin kilo a mako ko ƙasa da haka. Ko wannan zai maido da tsawon telomiya? Sakamakon bincike a nan ya saɓa wa juna, kuma wanda aka fi ambata, na 2013, maza 10 ne kacal suka bi tsarin sauya abinci da motsa jiki da aka gwada. Amma amfanin da ya tabbata ya fi wannan girma: a wani gwaji a Amurka da aka wallafa a 2002, mutanen da ke bakin kamuwa da ciwon suga da aka ɗora kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyi da motsa jiki minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100.

Akwai kuma ƙibar da ake saye da kuɗi. Magungunan da 'yan mata da amare ke sha, waɗanda ake kira sha-ka-fashe, galibi dexamethasone ne ko cyproheptadine, wani lokaci a haɗe. Na biyun yana buɗe ciki da sa barci. Na farkon ya fi muni, domin yana kwashe tsoka daga cinya da damtse, ya tara kitse a ciki da fuska da doron wuya, ya riƙe ruwa, ya ɗaga suga da jini, ya raunana garkuwar jiki da ƙashi. Wato daidai irin kitsen da ake gudu shi yake ginawa. Wadda ta yi makonni tana shan sa kada ta yanke lokaci guda, saboda jikinta ya rage fitar da nasa sinadarin, kuma yankewar farat ɗaya tana iya jawo kasala mai tsanani da amai da faɗuwar jini har a rasa rai. Ta ɗauki kwalin ko sauran ƙwayoyin ta kai wa likita, a tsara mata yadda za ta riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, a kuma duba suganta da jininta a wannan zuwan.